Kafin a Gina Masana'antar Amoksisilin a Kano

Duk wanda ya shiga cibiyar dillancin magunguna ta Dangwauro da ke kan titin Zariya, inda aka mayar da 'yan kasuwar magani na Sabon Gari a shekarar 2024, zai tarar da kwalaye jibge har kusa da rufi, kuma babban kaso daga cikinsu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne irin su amoksisilin da amfisilin da danginsu. A jikin wasu kwalayen an rubuta cewa a Legas ko Ogun aka yi su, wasu kuma daga Indiya ko Sin suka fito, har mai saye ya ɗauka cewa mun yi nisa wajen yin maganinmu da kanmu. Gaskiyar magana ita ce farin garin da ke cikin kafson, wanda shi ne ainihin maganin, kusan dukkansa daga ƙetare ake shigo da shi duro-duro. Aikin masana'antunmu shi ne su gwada ingancinsa, su auna, su ɗura a kafso ko su buga shi ƙwaya, sannan su sa a kwali. Ba na raina wannan aiki, domin yana buƙatar ƙwarewa kuma yana ciyar da gidaje masu yawa. Sai dai ƙasar da ba ta iya yin garin da kanta, duk ranar da jirgin ruwa ya makara ko dala ta tashi, yaranta ne za su kwana da zazzaɓi babu magani.

Mun ɗanɗana wannan a shekarar 2023. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, a watan Agusta kamfanin magunguna na GSK ya sanar da cewa zai daina harkokinsa kai tsaye a Najeriya, kafin shekara ta ƙare farashin maganinsa Augmentin, mai ɗauke da amoksisilin, ya ninka sau da yawa, kuma sauran magungunan suka bi sahu. A wannan shekarar ce kuma cutar mashaƙo ta fi tsananta a Kano fiye da kowace jiha a ƙasar nan, alhali fenisilin na cikin magungunan da ake ba masu ita tare da allurar karya dafin cutar. Tun daga lokacin maganar yin magani a gida ta dawo bakin 'yan siyasa da 'yan kasuwa, kuma na yi murna da hakan. Abin da nake so a tsayar tun kafin a aza tubali shi ne hanyar da za a bi. Ra'ayina shi ne duk masana'antar da za ta yi garin amoksisilin a Kano, ko a ko'ina a Najeriya, a wajabta mata bin hanyar inzayim, kuma kada a yarda wani ya kwaso mana tsofaffin injinan hanyar sinadarai da wasu ƙasashe suka gaji da su.

Inzayim wani nau'in furotin ne da kowane mai rai yake yi a jikinsa, daga mutum har zuwa ƙwayar bakteriya, kuma aikinsa shi ne ya hanzarta wani sauyi takamaimai a cikin sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Matan Kano masu yin kunun zaƙi sun daɗe suna aiki da shi. Idan aka dama gasarar gero da tafasasshen ruwa ta yi kauri kirtif, sai a bar ta ta ɗan sha iska, sannan a zuba ɗanyen ƙullun da aka niƙa da busasshen dankali ko tsiron hatsi, a rufe a bar shi ya kwana. Da safe sai a tarar kaurin ya saki, kunun ya tsinke, har ya fara zaƙi tun ba a sa sukari ba. Inzayim ɗin da ke cikin dankalin da tsiron ne ya daddatse sitacin geron ya mayar da shi sukari. Mai kunun da ta san aikinta ba ta zuba ƙullun a lokacin da gasarar take tururi, domin ta san idan zafi ya yi yawa kunun ba zai tsinke ba, kuma wannan ita ce ƙa'idar da injiniyan masana'anta yake kiyayewa da ma'aunin zafi a hannunsa.

Fenisilin da kansa fumfuna ce take yin sa. Alexander Fleming ya lura da shi a Landan a shekarar 1928, Howard Florey da Ernst Chain suka tace shi suka gwada a Jami'ar Oksfod daga shekarar 1940, sannan Amurka ta gano yadda za a noma fumfunar a cikin manyan tankuna a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Har yau haka ake yi: ana ciyar da fumfuna da sukari a cikin tanki, ita kuma tana fitar da fenisilin G. Amma wannan fenisilin na asali yana da rauni biyu. Ruwan tsamin ciki yana lalata shi, shi ya sa akasari da allura ake ba da shi, kuma akwai ƙwayoyin cuta da yawa da ba ya iya taɓawa. Masana sun gano cewa ginin ƙwayar fenisilin kashi biyu ne, wato akwai gindi wanda shi ke kashe bakteriya, akwai kuma reshe a gefe wanda shi ke yanke irin bakteriyar da maganin zai kama da yadda zai jure a cikin jiki. A shekarar 1957 masu bincike na kamfanin Beecham a Ingila suka ware gindin shi kaɗai, wanda ake kira 6-APA. Daga nan ƙofa ta buɗe, domin duk wanda ya samu gindin zai iya ɗaura masa reshen da yake so. Ta haka aka samu amfisilin a 1961, aka samu amoksisilin a 1972.

Ke nan aikin masana'anta yanka ne da ɗauri: a yanke reshen da fumfuna ta sa, a ɗaura wanda likita yake buƙata. A nan ne hanyoyi biyu suka rabu.

Hanyar sinadarai, wadda aka daɗe ana bi, tana da wuya ƙwarai domin gindin fenisilin abu ne mai saurin fashewa, kuma sinadari ba ya bambance inda ake so ya yanka da inda ba a so. Dole ne a fara lulluɓe wasu sassan ƙwayar da wani sinadari don kada su lalace, sannan a zuba wani mai ƙarfi na fosforas da kulorin, duk a cikin wani ruwa mai narkarwa da ake kira dayikuloromiten, kuma a riƙe tukunyar a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Bayan an gama sai a cire lulluɓin, a wanke, a tace. Kowane kilo ɗaya na 6-APA yana barin litoci masu yawa na gurɓataccen ruwan sinadari a baya. Shi wannan dayikuloromiten, hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, kuma a 2024 Amurka ta haramta yawancin amfanin da ake yi da shi.

Hanyar inzayim kuwa a cikin ruwa zalla ake yin ta, a ɗumin da bai wuce na jikin mutum ba, wajen digiri 35 zuwa 37. Inzayim ɗin da ake kira fenisilin asiles, wanda ake samu daga bakteriya, wuri ɗaya kawai ya sani a jikin ƙwayar fenisilin, can yake zuwa ya yanke reshen, ya bar gindin lafiya lau, don haka babu buƙatar lulluɓe komai. Abin da ma'aikaci zai kula da shi shi ne ya riƙa ɗiga ruwan amoniya kaɗan-kaɗan don kada tsami ya yi yawa a tankin. Dabarar da ta sa hanyar ta yi araha ita ce ɗaure inzayim ɗin a jikin wasu ƙananan ƙwallaye masu kama da tsaki, ta yadda idan an gama zagaye ɗaya sai a tsiyaye ruwan ta rariya, ƙwallayen su zauna a ƙasan tanki, a sake zuba sabon fenisilin a kansu, kuma ana iya yin haka sau ɗaruruwa kafin ƙarfinsu ya ragu. Reshen da aka yanke ma ba a zubar da shi, ana tattara shi a mayar wa fumfuna ta sake gina sabon fenisilin da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne wannan inzayim ɗin dai, idan aka sauya masa yanayi, aka ƙara ɗan tsami a ruwan aka rage ɗumi, sai ya juya aikinsa ya koma ɗauri. Ana ba shi 6-APA da reshen amoksisilin, yana haɗa su, maganin yana fitowa fari yana kwantawa a ƙasan ruwan saboda ba ya narkewa sosai. Kamfanin Gist-brocades na garin Delft a Holan, wanda daga baya ya shiga cikin kamfanin DSM, yana cikin waɗanda suka fi ƙoƙari wajen mayar da wannan dabara aikin masana'anta. Dangin sefalosforin, wani rukunin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, su ma haka abin yake: gindinsu, wanda ake gina seftirayazon a kansa, maganin da asibitocinmu ke dogaro da shi lokacin sanƙarau, yanzu ana iya fitar da shi da inzayim biyu a jere maimakon sinadarai masu guba.

Ba na cewa hanyar ba ta da wahala. Inzayim ɗin da ke ɗaura reshe yana iya komawa ya warware abin da ya ɗaura idan aka bar shi ya wuce lokaci, kuma yana ɓarnatar da wani ɓangare na reshen da aka zuba, don haka ana buƙatar ma'aikatan da suka san lokacin tsayar da aiki da yadda za a ƙwato abin da ya rage. Amma wannan wahala ce ta ilimi, wadda ake magancewa da koyarwa. Wahalar ɗaya hanyar kuwa a cikin huhun ma'aikaci da ruwan rafi take ƙarewa.

Mutumin Kano ba ya buƙatar a ba shi labarin gurɓataccen ruwan masana'anta. Shekara da shekaru masana'antun jima da na saƙa da ke Sharaɗa da Challawa da Bompai suna sakin ruwansu cikin kogin Challawa da rafukan Getsi da Jakara, kuma masu bincike daga jami'o'inmu sun sha auna sinadarin kuromiyam a cikin ruwan da ƙasar da ake noman rani da ita. Wanda ya bi ta gefen waɗannan magudanai da yamma ya san warin, ya ga launin ruwan, kuma ya ga lambunan latas da kabeji da ake ban ruwa da shi a ɗan gaba kaɗan. An kafa waɗannan masana'antu ne da kyakkyawar niyyar samar da aiki, aka ɗage maganar tace ruwa zuwa gaba, kuma gaban ba ta zo da wuri ba. Garin da ya riga ya biya wannan farashi bai kamata ya ƙara ɗaukar wani nau'in dagwalo a kansa ba alhali akwai hanyar da ba ta haifar da shi tun daga tushe. Ga kuma lissafin wuta. Riƙe tukunya a digiri 40 ƙasa da sifiri a garin da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40 sama da sifiri, kuma da wutar janareta, kuɗi ne da za a ɗora a kan kowace ƙwayar magani har abada.

Sai dai akwai wani haɗari da inzayim ba ya kawarwa, kuma ina ganin shi ne wanda aka fi yin shiru a kansa. Ruwan da ke fitowa daga masana'antar maganin kashe ƙwayoyin cuta yana ɗauke da ragowar maganin kansa, ko ta wace hanya aka yi shi. A shekarar 2007 masu bincike daga Suwidin suka auna ruwan da ke fita daga wata matatar dagwalon masana'antu a Patancheru kusa da Haidarabad a Indiya, suka tarar da maganin kashe ƙwayoyin cuta na sifurofuloksasin har miligiram 31 a kowace lita, wato fiye da abin da ake samu a jinin majinyacin da ke shan maganin. Bakteriyar da ke rayuwa a irin wannan ruwa, masu rauni suna mutuwa, masu taurin kai suna hayayyafa, kuma suna miƙa wa juna dabarar tsira. Makamin da suke yaƙar fenisilin da shi ma inzayim ne, ana kiran sa bita-laktames, wanda ke fasa gindin maganin kafin ya yi aiki. Chain da abokin aikinsa Edward Abraham sun ba da rahotonsa tun 1940, kafin ma fenisilin ya shiga kasuwa. Babban binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne yammacin Afirka, wato nan inda muke. Shi ya sa a watan Satumbar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan yadda masana'antun irin wannan magani za su yi da ruwansu da shararsu. Sa'ar da muka yi ita ce dangin fenisilin suna da sauƙin karyawa, domin ruwa mai kaifi irin na kanwa, wato kishiyar tsami, yana fasa gindinsu, kuma ruwan da ba a cakuɗa shi da sinadarai masu kulorin ba ya fi sauƙin tacewa. Amma sauƙi ba ya nufin za a yi, sai an tilasta kuma an riƙa aunawa.

Tambaya ta gaba ita ce ta ina za mu shiga. Wasu za su ce a fara daga tushe, a noma fumfunar a nan, tunda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, ga masara tana shigowa Dawanau tirela-tirela, kuma daga sitacinsu ake samun sukarin da fumfuna ke ci. Burin yana da kyau, kuma ina fatan mu kai can. Amma tankin noman fenisilin yana ɗaukar lita dubu ɗari ko fiye, ana kwashe kusan mako guda ana motsa shi dare da rana, ana hura masa tatacciyar iska, ana sanyaya shi ya zauna wajen digiri 25, kuma idan wuta ta ɗauke na ɗan lokaci fumfunar ta shaƙe, an yi asarar tankin gaba ɗaya. Wannan aiki ne na garin da yake da tsayayyar wuta da wadataccen ruwa. Idan bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka fara shimfiɗawa a 2020, ya fara kawo gas ga masana'antu yadda aka yi alkawari, za a iya sake wannan lissafi. Kafin nan, matakin da ya dace da ƙarfinmu shi ne na ƙarshe, wato a sayo 6-APA da reshen, a ɗaura su a nan da inzayim. Tankunan ƙanana ne, ba sa buƙatar sanyi mai tsanani, kuma a kansu ne injiniyoyinmu za su koyi sarrafa inzayim da tace magani da kula da ruwan da ke fita, ilimin da za a buƙata idan lokacin hawa mataki na gaba ya yi.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce idan har 6-APA ɗin daga Sin za a sayo shi, to mene ne aka 'yanta? Kuma yaya ƙaramar masana'anta a Challawa za ta yi gogayyar farashi da kamfanonin da ke yin dubban tan a shekara? Amsar farko ita ce dogaro ya ragu ko da bai ƙare ba, kuma masu sayar da 6-APA sun fara yawaita. Amsa ta biyu tana cikin abin da ya faru da wasu ƙasashe. Indiya tana yin fenisilin tun shekarun 1950 a Pimpri, amma da na Sin mai araha ya cika kasuwa sai masana'antunta suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har ta wayi gari ita da ake kira kantin maganin duniya tana sayo gindin maganinta daga maƙwabciya. Annobar korona ce ta farkar da ita. A 2020 gwamnatinta ta fito da shirin tallafa wa masu yin irin waɗannan sinadarai gwargwadon abin da suka samar, kuma a 2024 kamfanin Aurobindo ya buɗe masana'antar fenisilin G mai ƙarfin tan 15,000 a shekara a Kakinada. A Turai kuwa babbar masana'anta ɗaya ce ta rage da ke yin fenisilin tun daga fumfuna har zuwa ƙwaya, ita ce ta kamfanin Sandoz a ƙauyen Kundl na ƙasar Ostiriya, kuma sai da gwamnatin ƙasar ta sa kuɗinta a cikin jarin Yuro miliyan 150 kafin aka sabunta ta. Ko Amurka da Turai sun yi fama da ƙarancin ruwan amoksisilin na yara a sanyin 2022. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da ta bar wa kasuwa ita kaɗai wannan al'amari, domin sun fahimci cewa maganin da ya fi kowane araha shi ne wanda kowa ke gudun yin sa, har ranar da za a neme shi a rasa.

A nan ne nake da gyara ga manufar gwamnatin tarayya. Umarnin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Yunin 2024, wanda ya cire harajin shigo da injina da sinadaran haɗa magani na tsawon shekara biyu, ya zo a lokacin da ake buƙatarsa, kuma ya sauƙaƙa wa masu ɗura kafso. Amma idan garin amoksisilin da aka gama a ƙetare zai ci gaba da shigowa babu haraji har illa ma sha Allahu, babu mai hankalin da zai zuba dukiyarsa ya yi shi a gida. Ya kamata a faɗa wa masu jari tun yanzu cewa 6-APA da reshe da inzayim za su ci gaba da shigowa kyauta, amma daga ranar da masana'antar gida ta cika sharuɗɗan inganci, gamammen gari zai fara biyan wani abu. Gwamnatin Kano kuma tana da abin da ya fi tallafin kuɗi ƙarfi a hannunta, wato sayayya. Asibitin Murtala da Asibitin Yara na Hasiya Bayero da ɗaruruwan ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi 44 suna shan amoksisilin kullum, domin shi ne maganin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga yaro mai ciwon namoniya. Ga kuma yara masu sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, da likitoci ke ɗora su a kan fenisilin kullum a shekarunsu na farko don kare su daga cututtukan da ke saurin kashe su. Idan Kano da Jigawa da Katsina suka haɗa buƙatarsu suka sa hannu a kan alkawarin saye na wasu shekaru, bisa sharaɗin inganci da farashin da aka bayyana wa jama'a, banki zai ba da bashi a kan wannan takarda.

Akwai kuma maganar amana, wadda a Kano ba a tsallake ta. Mutanen garin nan ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75 a 2009. Wannan rauni yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Saboda haka ranar da aka ji cewa da bakteriya ake yin wani abu da ke shiga harkar magani, kuma an gyara halittar bakteriyar don ta yi shi da yawa, tambayoyi za su taso a masallatai da gidajen rediyo, kuma haƙƙin mutane ne su yi su. Amsar a fili take kuma ba ta da abin kunya. Wannan inzayim ba daga alade ko wata dabba yake fitowa ba, daga ƙwayoyin halitta ne da ake nomawa a tanki, ana tace shi a ɗaure a jikin ƙwallaye, kuma ana raba shi da maganin kafin a busar da garin. Hukuncin shari'a na malamai ne, amma malami ba zai yi hukunci a kan abin da ba a nuna masa ba. A gayyace su tun ana zanen ginin, su shiga su gani, su yi tambaya a ba su amsa da Hausa, kafin wani ya riga mu da saƙon murya a WhatsApp.

Ma'aikatan ma daga nan ya kamata su fito. Jami'ar Bayero tana yaye ɗaliban ilimin ƙananan halittu da na sinadaran jiki da na harhaɗa magunguna kowace shekara, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya nan kusa, kuma da yawa daga cikin waɗannan matasa sun haddace yadda inzayim ke aiki a takarda ba tare da sun taɓa ganin tankin da ake aiki da shi ba. Ƙaramin tanki na lita hamsin ko ɗari a ɗakin gwaji, da ƙwallayen inzayim da ake saye a kasuwar duniya, da na'urar auna tsarkin magani mai aiki, ba su kai kuɗin shatale-tale ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ba a fara horar da mutane yanzu ba, ranar da aka buɗe masana'antar za a ɗauko masu juya ta daga waje, 'ya'yanmu su tsaya a gadi da ɗaukar kwali.

Ina kuma jin tsoron abu ɗaya, kuma zan faɗe shi ko da zai rage wa maganata armashi. Amoksisilin mai araha da yawa a garin da ake sayen kafso biyu a kemis ko a faranti a tasha saboda mura, a sha yau a bari gobe, kuma ake zuba irinsa a ruwan kaji ba tare da likitan dabbobi ba, zai iya gaggauta ranar da maganin zai daina aiki. Masana'anta ba za ta gyara wannan ba. Aikin NAFDAC ne da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna da likitoci da mu masu saye, kuma tattara dillalai a wuri ɗaya da aka yi zai yi amfani ne kawai idan ana bin sawun kowane kwali daga inda ya fito zuwa inda ya je.

Abin da nake roƙon Majalisar Dokokin Jihar Kano da ma'aikatun lafiya da muhalli da kasuwanci shi ne su rubuta sharuɗɗan tun babu mai neman fili, lokacin da babu matsin lambar kowa a kansu. A rubuta cewa ba za a ba da izinin yin garin dangin fenisilin ta hanyar da ke amfani da dayikuloromiten ba. A rubuta cewa ginin ya zama keɓantacce daga inda ake yin sauran magunguna, kamar yadda ƙa'idar duniya ta tanada saboda mutanen da jikinsu ba ya karɓar fenisilin. A rubuta cewa matatar ruwa za ta fara aiki kafin tankin farko ya fara, cewa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa zai riƙa auna ragowar magani a bakin bututun da ke fita, kuma za a riƙa manna sakamakon a ƙofar masana'antar da ofishin dagacin unguwar da ruwan ke bi ta cikinta.